Faɗin Yatsa

Talata da Alhamis, bayan isha'i,
in na kife tukunyar koko, na wanke ludayi,
sai in ɗauki littafina mai shuɗin bango
in nufi ajin manya a bayan masallacin Aboabo.
Shekarata hamsin da uku.
Bencin na yara ne, gwiwata na gogar tebur.

Madam Frimpomaa ta ce aiki a Turanci
ba ya fita shi kaɗai,
yana tafe da ɗan rakiya a bayansa,
ɗan rakiyar kuwa shi ke sauya masa hali.
Give bayarwa ce. Liƙa mata up, ta zama sarewa.
Na ce, Madam, yaya kyauta za ta hau sama
ta sauko tana karaya?
Alidu makaniki ya yi dariya har allinsa ya faɗi.
Ta ce, Memuna, haddace shi, haka aka haife shi.

A gaban aiki kuma akwai mai gadi.
Must ba ya sauraron uzuri,
kamar mai yankan tikiti a Kejetia.
Da ta zo kan might sai ta yi shiru,
ta buɗe tafin hannu, ta karkata shi nan da can
kamar mai duba hadari, shanya na waje.

Daren Asabar aka kira ni.
Fuseini, autana,
turoturo ta kwashe shi da babur a mararrabar Anloga.
Asibiti, hawa na biyu, warin magani.
Likitan yaro ne, bai iya Hausa ba,
ni kuma Tuwina na ciniki ne:
nawa, rage, sai gobe.
Ya cire tabarau, ya murza ido, ya ce,
He might pull through.

Na zauna a kan siminti
na kwance jimlar a hankali
kamar ƙullin kuɗi a bakin zane.
Pull na san shi: ja, kamar guga daga rijiya.
Through ratsawa ce,
irin ta mai kaya a ka cikin cunkoson jajibirin salla.
Wato yaron zai ja kansa, ya ratsa, ya fito.
Har na yunƙura.
Sai na ga mai gadi a tsaye.
Ba will aka ce ba.

Da ban shiga aji ba, da na yi guɗa,
ko na yi ihu, duk wanda ya riga zuwa.
Karatu ya riƙe mini duka biyun.
Ƙofar ba a buɗe take ba,
amma an bar ta da faɗin yatsa.

Kwana huɗu na yi a wannan faɗin.
Tukunya ta bushe a gida, ƙudaje suka gaji suka tafi.
Wata nas mai wushirya ta dafa kafaɗata,
You must not give up.
Na ce mata da Hausa, wannan mun yi shi makon jiya.
Ba ta gane ba, ta dai kawo mini ruwa.
Can cikin dare nakan ɗora namu a kan nasu,
in Allah ya so, in Allah ya so,
don namu ya san wa ke riƙe da ƙofar.

Asubar Laraba ya buɗe ido ɗaya.
Bai ce Inna ba.
Ya ce, ina babur?
Da ba don filasta ba, da ya sha mari.

Da na koma aji, Madam ta ce kowa ya kawo jimla.
Na rubuta ta likita a allo, harafi na hawa harafi,
sannan na sa gefen mayafi na goge might.
Ta ce, to, me za ki sa a gurbin?
Na ce, ya riga ya ratsa, Madam.
Koya mini yadda ake faɗin abin da ya wuce.